'Yar Roba Mai Jan Murfi

Ni mace ce mai ƙyanƙyami, tun ina budurwa aka san ni da shi a gidanmu na unguwar Ridina. Idan ƙuda ya faɗa mini a shayi, ba shayin kaɗai nake zubarwa ba, kofin ma sai ya yi kwanaki ban taɓa shi ba. Da na yi aure muka tare a Walia, ƙetaren kogi, sau biyu nake share tsakar gidana a yini, kwanon cin abinci ba ya wuni da maiƙo. Na faɗi wannan ne don a san irin matar da Allah Ya ɗora wa ɗaukar kashi ta haye gada da shi, ba sau ɗaya ba.

Autata ce sanadi. Tana da shekara ɗaya da wata biyu a daminar da ruwa ya kwanta a unguwarmu ya ƙi tafiya. Masai ya cika a gidaje da yawa ya tumbatsa, abin da ke ciki ya biyo lungu, mutane suna tsallakewa, agwagi suna wanka a ciki. A wannan damina zawo ya kama yarinyar sau uku. Na farko da na biyu kwana bibbiyu suka yi suka sake ta. Na ukun ya zo da amai, ya zauna. Haihuwata biyar, na san kashin yara kala-kala, amma wannan ban taɓa shaƙar irinsa ba. Ruwa ne tsululu, kore-kore, da wani ƙarni mai tsami da ke manne wa mutum a maƙogwaro. Sai in wanke hannu da sabulu sau uku, in ɗaga in shinshina, yana nan. Zannuwana suka ƙare a kan igiya. Miyar kuka kuwa na daina ko kallonta.

A kwana na huɗu na goye ta muka tafi labtan, wato asibiti a bakin mutanen garin nan. Aka ɗebi jini, aka duba abin da za a duba. Likitar wata doguwar mace ce, 'yar kudu, tana magana da Faransanci tana sirkawa da Larabci. Ta bi takardar da biro tana karanta mini: zazzabin sauro babu, taifod babu, tsutsar ciki babu.

Na ce, "To dokta, me ke akwai? Karo na uku ke nan."

Ta ajiye biron. Ta ce akwai ƙwayoyin cuta da madubin da suke da shi a nan ba ya iya ganinsu saboda ƙanƙanta, wasu ma ba a daɗe da sanin akwai su a duniya ba. Ta ambaci wani dangi nasu, parbobirus, ta ce ana samun sababbin irinsu a cikin kashin masu zawo da amai. Akwai masu bincike da ke tara irin wannan kashin, su daskarar da shi, su aika inda ake da na'urar da ke gane su. In na yarda, sai in kawo na 'yata.

Ba ta rufe ni ba. Ta ce, "Madam, wannan ba zai canja maganin da zan ba ki yau ba. Ruwan gishiri da sukari ne, cokali-cokali, da wannan ƙwayar, da nono. Sakamakon kuma sai an yi watanni."

Na yi koleji, na taɓa leƙa madubin nan sau ɗaya na ga fatar albasa ta koma kamar ginin bulo. Tun daga ranar na yarda akwai abin da ido ba ya gani ban da aljanu. Kuma abin da ya shigo maka gida sau uku, in ba ka san shi ba, ba ka san ƙofar da za ka rufe masa ba. Na sa hannu a takardarsu.

Aka tura ni wani ɗaki a ƙarshen baranda. Tun daga ƙofa warin ya tare ni, warin ruwan jabel, wato bilic ɗin da suke goge ɗakin da shi, da abin da jabel ɗin ya kasa rufewa. Matar da ke aiki a wurin gajera ce mai faɗi, ga robobin mutane jere a gabanta, ga kofin shayinta a gefe a kan tebur guda. Na kau da kai. Ta miƙo mini wata 'yar roba mai jan murfi, da ɗan cokali manne a cikin murfin. Ta lissafa mini da yatsu: ban da fitsari, ban da ruwa, ban da ƙasa. Sabo ake so. Kafin sha biyun rana suke karɓa. In ya zo bayan haka, a ajiye shi a wuri mai sanyi har safiya.

A gida na tarar da Hajiya, mahaifiyar maigidana, wadda ta taso daga Ridina don ta taya ni jinya. Mahaifinta da ƙafa ya baro ƙasar Hausa zai tafi Makka, ciwo ya tsayar da shi a garin nan, ya yi aure ya zauna. Ita kuma duk abin da ta gada daga iyayenta ba ta yar da ko ɗaya ba. In ta taje kai sai ta tsince gashin daga mataji ta binne. Farce ma haka.

Ta karɓi robar ta juya ta. "Wannan kuma na maganin ne?"

Na gaya mata na mene ne. Ta sake ta a kan tabarma kamar ta ƙone ta.

"Haƙori ne," in ji ta. "Wane yaro ne ya yi haƙori bai yi zawo ba?"

"Hajiya, yayyenta huɗu duk sun yi haƙori, ba wanda ya yi haka."

"Ke 'yar nan, in tambaye ki. Gashin kanki kina barinsa a titi?"

"A'a, Hajiya."

"To abin da ya fito daga cikin cikin jikata, shi za ki ɗauka ki miƙa wa wanda ba ki san uwarsa ba, a sa a jirgi a tafi da shi? Kin san abin da ake yi da irinsa? Bokon naku har ya kai nan?"

Na dubi maigidana. Ya ce wannan magana ce ta mata, mu muka fi kusa. Na ce to gobe ya sauke ni a labtan in zai wuce kasuwa. Ya ce, "Da wannan abin? Ba dai a kan babur ɗina ba."

Washegari da hantsi na shimfiɗa leda a tsakar gida na tsugunar da yarinyar a kai. Ba a daɗe ba ta yi. Sai na tuna robar tana ɗaki, na ɓoye ta a bayan akwati don kada Hajiya ta jefa ta a masai. Na ruga na ɗauko. Kafin in fito, Hajiya ta riga ta ɗebo toka daga murhu ta barbaɗe shi kaf, ba inda ya rage.

Har yau ban san ko da gangan ta yi ba. A gidajenmu haka ake yi, yaro na tashi a rufe da toka saboda ƙuda da wari, hannu ne ke yi tun kafin mutum ya yi tunani. Ni ma haka nake yi. Na tsaya na lissafa abin da matar nan ta hana: fitsari, ruwa, ƙasa. Ba ta ce toka ba. Toka kuwa ai abar tsafta ce, da ita muke darje tukunya, da ita kakanninmu suke wanke hannu. Har na ji a raina na kyauta mata, zan kai mata wanda ba ya wari.

Na ɗaure hanci da gefen mayafi, na tsuguna da ɗan cokalin nan. Sau biyu zuciyata ta taso na haɗiye. Na rufe murfin, na naɗe robar a leda uku da tsumma. Da na buɗe jakata sai ga carbina da ɗan littafin azkar ɗina. Na fitar da su na ɗora a kan katifa, na ce astagfirullah, na cusa abin a inda suke zama.

Na bar yarinyar wajen Hajiya, na hau kilando, babur ɗin haya. A kan gada cunkoso ya tsayar da mu, rana tana dukan jakar, ni kuma na ɗage ta daga jikina kamar mai riƙe da garwashi. Duk wanda ya waiwayo sai in ga kamar ya shinshino ni.

Matar ɗakin gwaji ta sa safar hannu ta warware leda ɗaya bayan ɗaya, tana cewa ko zinariya ce. Ta ɗaga robar wajen taga. Ta daɗe tana kallo.

"Madam, wannan mene ne?"

"Na yarinyar ne."

"'Yar taki gawayi take ci?"

Na ce toka ce, don kada ya dame ta da wari.

Ta fashe da dariya har tana dafa tebur, ta kira abokiyar aikinta ta zo ta gani. "Ta kawo mana toka mu yi sabulu! Madam, shekara nawa ina kan kujerar nan, an kawo mini a kwalbar turare, an kawo mini a gwangwanin tumatir, yau kuma da yaji aka haɗo mini." Mutanen da ke kan benci suna ji. Wani tsoho ya sunkuyar da kai yana murmushi. Ta jefa robar a kwandon shara, duk wahalata, ta ce toka tana ɓata abin da ake nema. Ta miƙo mini sabuwa. "Yadda Allah Ya fito da shi nake so. Warin nawa ne, ke ba ruwanki."

Ban san yadda na iso gida ba don kunya. Amma ina shiga kunyar ta bar ni, domin yarinyar da na bari da safe ba ita na tarar ba. Idanunta sun zurma, maɗigarta ta faɗa, tana kuka ba hawaye. Hajiya na zaune ta rungume ta tana ɗura mata ruwan gishiri da sukarin nan da ta kira ruwan banza jiya. Ba ta tambaye ni yadda aka yi ba. Sabuwar robar da ta gani a hannuna ta ba ta amsa.

Bayan la'asar cikin yarinyar ya fara ƙugi. Na tashi zan ɗauko leda.

Hajiya ta ce, "Ajiye ledar nan. Ku 'yan yanzu ba ku iya komai ba. Kawo faranti."

"Faranti, Hajiya?"

"Na ce kawo faranti. Sabo, wanda ba a ci a ciki ba."

Na ɗauko ɗaya daga cikin na jerena da ban taɓa amfani da su ba, mai zanen fure. Ta zauna a kan kujera 'yar tsugunno, ta miƙe ƙafafunta ta ɗan ware su, ta zaunar da yarinyar a kan ƙaurinta tana fuskantarta, yadda iyayenmu suke tsugunar da jarirai. Ta sa farantin a ƙasa daidai inda ya kamata, ta tare gaba da tsumma don fitsari. Tana riƙe da hannayen yarinyar tana yi mata 'yar waƙa. Ya zo da ƙarfi, ya fallatsa mata a idon sawu har gefen zaninta. Ni na ja baya. Ita ko gezau.

"Ɗebi mana, kin tsaya kina yatsina fuska. Ba daga cikinki ta fito ba?"

Na ɗiba. Farantin nan ban sake ganinsa a ɗakina ba, a ranar na sa aka binne shi.

Saura wurin sanyi. Na buɗe firigo, wato firji, sai idona ya faɗa kan gorar zamzam ɗin Hajiya da take ba yarinyar da yatsa, ga kindirmo a gefe, ga ruwan shan yara. Hannuna ya ƙi shiga. Wuta ma ba ta zama, in ta tafi sai ta ga dama. Na rufe. Na ɗauko shuɗiyar kular da maigidana ke zuwa kasuwa da ruwan sanyi a ciki, na aika aka samo ƙanƙara a maƙwabta, na binne robar a tsakiya na danne murfi.

Da maigidana ya dawo gab da magariba, ƙishirwa ta koro shi, kai tsaye kular ya nufa. Har ya ɗaga murfi ya zura hannu.

Ni da Hajiya muka haɗa baki, "Kada ka taɓa!"

Ya ga jan murfi yana leƙowa daga cikin ƙanƙara. Ya dubi hannunsa. "A kulata? Duk gidan nan ba ku ga komai ba sai kulata?"

Hajiya ta ce, "Babur ɗinka ka hana, kula ma za ka hana? Je ka yi alwala."

Da sassafe muka fita mu uku. Na goyi yarinyar, Hajiya ta ce ita za ta riƙe kula, sai ta ga hannun da za a damƙa wa da idonta. Muka shiga ƙaramar bas. Ta ɗora kular a cinya ta rungume. Wani mutum da ke kusa da ita, gumi ya jiƙa masa riga, ya ce da Larabci, "Hajja, karkanji ne mai sanyi? Ba ni ɗaya." Zoɓo yake nufi.

Ta ce, "Wannan na 'yan gida ne, ɗana. Ba za ka iya shansa ba."

Matar ɗakin gwaji ta gane ni tun daga nesa. "Mai toka ta dawo." Ta ɗaga robar wajen taga, ta gyaɗa kai. Ta ɗauki alƙalami ta rubuta wasu lambobi a jiki.

Hajiya ta matso, ta tambaye ta da Larabci. "Me kika rubuta? Sunanta?"

"Lamba ce, Hajja. Suna ba ya bin robar. Waɗanda za su duba ba su san ko ta wace ce ba."

"Sunan uwarta fa?"

"Shi ma babu."

"Abin da ya rage kuma?"

"Ƙonawa ake yi."

Hajiya ta ƙura wa lambobin ido. Sannan ta juyo gare ni ta ce da Hausa, "To in babu suna, ba abin da za su iya yi mata. Da kin faɗa mini haka tun farko." Ta tofa addu'a wajen robar daga nesa, muka fito.

Likita tana ganin yarinyar ta ɓata rai. Ta ce jiya ya kamata mu kawo ta, ba yau ba. Ina can ina fama da ƙanƙara da kula, 'yata tana bushewa a gabana. Wannan maganar har yanzu tana cina. Aka nemi jijiya a hannu aka rasa, sai a ƙafa aka samu, aka sa mata ƙarin ruwa. Kwana uku muka yi a ɗakin da gado takwas duk masu zawo ne, bokiti a ƙarƙashin kowane gado, ƙudaje suna tashi daga wannan su sauka a kan wancan, su ƙarasa a kan kwanon abincin mai jinya. Ruwa da dabino kaɗai na iya sa wa cikina. A rana ta uku yarinyar ta kama nono da ƙarfi har ta cije ni, na yi hamdala.

Damina ta wuce, sanyi ya wuce, har na cire rai. Ana tsakiyar zafi aka kira ni a waya aka ce in zo. Likitar ta buɗe takarda ta ce an samu ɗaya daga cikin sababbin ƙwayoyin nan a kashin 'yata. Ta ce ba za ta rantse shi kaɗai ya kwantar da ita ba, domin akan same shi wani lokaci har a cikin yaran da ke da lafiya, abin da ake ƙoƙarin ganewa ke nan. Magani nasa na kansa kuma babu.

Na ce, "To ta ina ya shige ta?"

Ta ce yadda ake zato, irin hanyar sauran ce. Daga bayan gidan wani zuwa bakin wani, ta hannu, ta ruwa, ta abin da yaro ya ɗauka ya sa a baki.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Dokta, ba ki san gidana ba. Ni ko ƙuda ba ya sauka a kwanona."

Ta ce, "Ban ce ke ƙazama ce ba, madam. Ki dai je ki zauna a tsakar gidanki, ki bi ta da ido na awa ɗaya, kada ki hana ta komai."

Na dawo ina ta mita a zuci. Na idar da azahar, na zauna a kan darduma a inuwar baranda, carbi a hannu. Yarinyar ta yi ƙiba a lokacin, tana tafiya dagwai-dagwai. Ta ɗauki murfin tukunya ta yar. Ta bi kaza. Sai ƙanin maigidana, da ya zo mana kwana biyu, ya fito daga bayan gida ya dire buta a bakin ƙofar, inda kowa ke dire ta, ya wuce. Buta ɗaya ce a wurin, koriya. Da ita ake shiga, da ita baƙo ke shiga, da ita ni ma na yi alwalar sallar da na idar yanzu. Kullum sai na wanke jikin butar da omo tana ƙyalli.

Yarinyar ta nufe ta kai tsaye, kamar wadda ta saba. Ta tsuguna, ta kama ta da hannu biyu, ta sa bakin butar a bakinta tana tsotsa. Bakin da yanzun nan aka gama riƙewa da hannun hagu a jiƙe. Ruwa yana bin haɓarta, tana lumshe ido don daɗi.

Sau nawa na ga haka? Na sha gani. Har dariya muke yi, mu ce za ta yi son alwala.

Ban san lokacin da na isa wurin ba. Na fizge butar na yi jifa da ita ta bugi katanga, yarinyar ta tsandara ihu. Ni kuma abin da na haɗiye a kan ledar toka, da na kan gada, da na ɗakin gado takwas, duk ya taso mini lokaci guda. Na durƙusa a bakin rariya na yi ta amai har cikina ya ƙulle.

A ranar maigidana ya kafa ƙusa a bangon bayan gida, sama da kan babban mutum. Butar shiga tana rataye a can, ba ta sake taɓa ƙasar tsakar gidana ba. Ta alwala daban, ja ce, ita ma a kan taga take kwana. Baƙi sukan yi mini kallon mai iyayi in na bi su ina cewa a mayar da ita kan ƙusa, ga sabulu nan. Ba na jin kunyar faɗa.

Da Hajiya ta zo na ba ta labari duka, har abin da likita ta ce. Ta dubi ƙusar, ta dubi yarinyar da ke wasa da shuɗiyar kular nan, wadda tun ranar ba wanda ya sake shan ruwa a cikinta, gawayi muke zubawa.

Ta ce, "Ni dai har gobe haƙori ne." Ta miƙe za ta kewaya, ta yi ɗage ta sauko da butar da kyar. Da ta fito na ji tana nishi a bayan bango. Na leƙa, sai na ga tana miƙa hannu tana lalubar ƙusar.